Tafin Hannu a Bangon Gwaggo

Jikata ce ta ja ni zuwa wurin aikinta, wai sai na je na ga abin da take fita yi kullum da sassafe. Jardan suke ce wa wurin, can Sabon Gari, gida ne mai ɗaki uku inda ma'aikata ke ajiye ƙananan ƴaƴansu su wuce biro wurin aiki. Yaran babu wanda ya haura shekara uku, wasu ma tafiyar tasu ba ta gama nuna ba. Tanti suke kiran jikar tawa, har ni ma na kama don tsokana. Muna shiga na ga an ɗaura igiya daga taga zuwa taga, an rataye takardu kamar shanyar kilishi, kowace takarda da tafin hannun yaro a jiki, wani shuɗi, wani ja, wani kore.

"Kaka, kin ga wannan?" in ji ta, tana wani ɗaga kai. "Sabon ilimi ne. Har Yamai aka kai mu aka koya mana. Ƙaramin yaro ba da kunne kaɗai yake koyo ba. Sai ya taɓa, ya shinshina, ya ji sanyi da laushi, ya ga launi ya fito daga hannunsa."

Na ce, "Har Yamai? A mota?"

"A mota mana."

"Sannu da hanya."

Ba ta gane dariya nake yi mata ba. Ina nan zaune a wata ƴar kujera da ba ta kai gwiwata ba, sai wani ɗan lukuti mai kumatu ya tsoma yatsa a fenti shuɗi, ya dube shi, ya kai baki, kamar yadda kowane mai hankali zai yi a shekarunsa. Mata uku suka taso masa a guje. "A'a! Ba a sha! Tofar!" Aka damƙe hannu, aka goge baki, aka wanke da sabulu. Yaro ya tsala ihu, ya dunƙule hannuwansa biyu ya cusa su a hammata. Wannan dunƙulewar ce ta tsaya mini a ƙirji, don na san ta, na taɓa ganinta kusa da kusa.

Na ce, "Tanti, wasan naku yana da kyau, amma kun baro rabinsa a Yamai. Launin da yaro ba zai lasa ba ai na manya ne. Da irin wannan wasan aka tsayar da ran ubanki yana ɗan shekara ɗaya da rabi, lokacin da ya rufe baki ya ƙi abinci har muka fara fid da rai." Ta saki baki tana kallona. Ba ta taɓa ji ba, don ban taɓa faɗa ba. Ubanta ɗan farina ne, mu kuwa ba ma zancen ɗan fari, ko sunansa ba ya fita a bakinmu. Amma na tsufa, kuma in na tafi da labarin nan babu mai tono shi. Na ce ta samo kaye da bik, wato littafi da alƙalami, ta zauna ta rubuta. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya zubewa.

Gwaggona, yayar babana, a Birni take, tsohuwar unguwar Damagaram, cikin wani lungu da in ka ware hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Bayan gidan akwai manyan duwatsun nan da awaki ke hawa suna leƙen tukunyar mutane. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta ƴaƴan jama'a. Duk wadda za ta yaye ɗa a unguwar, har daga Zango, gidanta ake kawowa, yaro ya zauna sai ya manta nono sannan a zo a ɗauka. Uwarta Babarbariya ce, shi ya sa duk yaron da aka sauke daga goyo da "Wushe, wushe" take tarbarsa, ta durƙusa sai idonta ya daidaita da nasa. Ni ma a hannunta aka yaye ni, ta kuwa riƙe ni, ban koma gidanmu ba har aure ya zo.

In na rufe ido yanzu ba fuskoki nake fara gani ba, sauti nake ji. Luguden mata daga gida uku, kowane turmi da muryarsa. Mai ga-ruwa yana haki a lungu, garwa na ƙara a kafaɗarsa. Guduma daga wajen maƙera, da warin majema in iska ta juyo. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, tulu ɗaya sai a yi masa aiki uku kafin a zubar. Duk da haka Gwaggo kullum sai ta ware kasko guda na yara. Ruwan da aka wanke gero take zubawa, ta kifa ƙoƙo a kai, ta ajiye a gindin tsamiyar tsakar gida. Yaro ya rarrafo ya buga ƙoƙon da tafi, ya ji ya ce dum, ya tsorata, ya ja baya, ya dawo ya sake bugawa. Tana da yumɓu da take roƙa wajen masu tukwane na Mirya, kullum a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma don kada sanyinsa ya gudu. Tana da gora cike da busassun ƴaƴan bagaruwa mai kacau-kacau, da ragowar fatar akuya daga dukawa, gefe ɗaya gashi, gefe ɗaya santsi, da auduga, da ƙulle-ƙullen tsumma, wannan kanumfari a ciki, wancan ganyen lalle, wancan daddawa. Ta miƙa wa yaro ya shinshina, ta zuba wa fuskarsa ido ta ga abin da hancinsa zai ce. Manyan yara, waɗanda suka san tofarwa, su take ba gawayi da jar ƙasa su yi zane a daɓe. Ƙanana kuwa duk abin da zai je hannunsu sai wanda zai iya zuwa cikinsu. Ƙullun gero shi ne fari. Garin ɗorawa da take saya wajen fataken Kano shi ne rawaya, ga zaƙi. Ruwan zoɓo mai kauri shi ne ja. Ta kifa baƙin akushi a gabansu, ta ɗiɗɗiga musu launin a bayansa, su yi ta shafawa. A kan baƙin itacen nan rawaya fitowa take kamar an kunna fitila.

Maƙwabta sukan ce, "Ke dai ɓarnar gero kike yi." Ita kuma ta ce, "Wane gero ya ɓace? Duba cikinsu." Ba ta dogon bayani. Abin da na fi jin tana faɗa wa iyaye mata shi ne, "Bar shi ya taɓa tukuna. Bai san abin ba, yaya zai yarda ya haɗiye shi?" Yanzu fa yaro na kuka sai a miƙa masa salula, wayar hannu. Yatsa ɗaya ke aiki a kan gilashi, ba sanyi, ba ɗumi, ba ƙamshi. A sa masa takalmi tun ƙafarsa ba ta gaisa da ƙasa ba, a yi masa kwalliya kamar za shi ɗaurin aure, sannan a ce kada ya ɓata kaya. Ban ce zamaninmu ya fi ta kowace fuska ba. Mun binne yara da yawa waɗanda allurar likita guda za ta tsayar a yau, wannan ban manta ba. Amma hannun yaro, wallahi mun san shi.

Akwai kuma bangon. Ƙarƙashin rumfar Gwaggo, bangon ɗakinta da ke kallon gabas. Duk yaron da ya ci abinci da hannunsa har za a mayar da shi gida, sai ta kwaɓa laka ta shafa ɗan fili a bangon, ta kama hannunsa ta danna. In ya bushe ta bi ramin da farar ƙasa. Hannuwa ne tun daga ƙasa har inda tsayinta ya kai, kuma ta san kowanne da mai shi. Ranar Salla za ka ga ƙato da gemu ya shigo gaisuwa, ya ja ɗansa ya ce, "Ga nawa nan." Nawa yana kusa da ƙofa, ƙaramin yatsan a karkace, wai fizgewa na yi.

Aure ya kai ni Gaffati. Na haifi ɗan fari, namiji, mai ƙiba, har murjanin da aka ɗaura masa a wuyan hannu yana nutsewa cikin nama. Yana shekara ɗaya da rabi na ga wani cikin ya shiga. Kwanika ke nan, samun ciki da goyo a baya, abin kunya ne a lokacin, kuma kowa ya yarda nonon mai ciki cuta ne ga yaro. Tanti ta ce likitocin yanzu ba haka suka ce ba. To, mu dai abin da muka sani ke nan. Rana ɗaya aka cire shi. Aka shafa mini ɗaci a nono, malam ya yi rubutu, aka ɗora mu a amalanke sai Birni. Al'ada ita ce uwa ta ajiye ta juya, amma laulayi ya kwantar da ni, sai Gwaggo ta ce in zauna a ɗakin baya, kada in bari ya gan ni.

Ya yi kuka rana ta farko, wannan kowa ya saba. Ya yi ta biyu. Kunu ya ƙi, fura ya ƙi, sai ɗan ruwan da Gwaggo ke ɗiga masa da yatsa. A rana ta uku kukan ya tsaya, kuma shirun ya fi kukan muni. Idanu suka faɗa, wuya ya saki. Ta cikin asabari nake leƙe, na ga murjanin nan da yake nutsewa a nama ya zame har gwiwar hannu. Ga shi ba ni da bakin tambaya. Uwa ta tambayi lafiyar ɗan fari? Sai a yi da ita a unguwa har ta tsufa. In Gwaggo ta shigo sai in ce, "Gwaggo, an ba akuya dusa?"

Ta ce, "An ba ta. Shi ma ya sha ruwa kaɗan, tunda ba ki tambaya ba."

A rana ta huɗu uwar mijina ta iso daga Gaffati. Inna muke ce mata, mace ce ta kirki, kuma tana son yaron nan kamar ranta. Tana ganinsa ta dafe ƙirji. "Yaya," ta ce wa Gwaggo, "wannan ai ɗura yake so. Me ake jira?" Ƴan yanzu ba su san ɗura ba. Kwantar da yaro ake yi a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba kunu, a toshe masa hanci. In ya buɗe baki neman numfashi sai kunun ya wuce. Haka aka yi wa rabin ƙasar nan.

Gwaggo ta ce, "A gidan nan ba a toshe wa yaro hanci."

"Tara na haifa, Yaya, duk da ɗura suka tashi."

"Ni ban haifi ko ɗaya ba. Amma je ki dubi bangon can."

Inna ta bar maganar don girman Gwaggo, ba don ta yarda ba. Ni kuwa maganarta ta shige ni. Da yamma Gwaggo ta leƙa gaisuwar rasuwa a lungu na gaba, Inna ta tafi Zango gaida dangi, aka bar yaron kwance a tabarma. Na fito da ƙoƙon kunu. Yana ganina fuskarsa ta buɗe, ya ɗago hannu biyu da ɗan ƙarfin da ya rage masa, yana laluben ƙirjina. Ni kuma na kwantar da shi, na tara hannu, na toshe hancin, na zuba. Ban iya ba, ban taɓa yi ba, gani kawai na yi ana yi. Ya ƙware. Kunu ya fito ta hanci, ido ya juye, jikinsa ya sandare a cinyata. Ban san lokacin da Gwaggo ta shigo ba. Na dai ga ta fizge shi, ta kifa shi a hannunta tana bubbuga bayansa, har ya ja wani numfashi mai ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa.

Ya rayu, amma daga nan ya dunƙule hannuwansa ya cusa a hammata. Ko ruwan yatsan Gwaggo ya daina karɓa. In ya hango ludayi sai jikinsa ya ɗauki rawa. In ya hango ni sai ya juya fuska bango. Gwaggo ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa kawai ta yi, "Da can nono kaɗai yake nema. Yanzu kin sa yana tsoron bakinsa, yana tsoron hannunki." Da Inna ta dawo ta ji, ta ce rashin iyawa ne, a Gaffati akwai tsohuwar da ta ƙware a ɗura, gobe da safe za ta tafi da shi. Na san a raina yaron nan ba zai ɗauki rana a hanya da wata ɗurar ba. Gwaggo ta ce, "Ba ni zuwa la'asar ɗin gobe. In bai sa komai a baki ba, ni da kaina zan goya miki shi."

Gari na wayewa ta kwashe ludaya da ƙoƙuna ta ɓoye, sai ƙoƙo ɗaya da ta kifa a kaskon ruwa. Ta ce mana, "Kada wanda ya ce masa ci. Kada wanda ya ce masa sha. Kada ma wanda ya dube shi." Ta aika aka ɗauko wasu ƴan biyu mata na maƙwabta da ta yaye bara, ta zauna a gindin tsamiya, ta jingina shi tsakanin ƙafafunta don ba ya iya zama da kansa. Ƴan biyu suka kama kiɗan ƙoƙo, dum, dum, ruwa na fallatsa. Da hantsi na ga ƙwayar idonsa ta bi sautin. Gwaggo ta gutsuro yumɓu mai sanyi ta manna a tafin ƙafarsa, tana ta hira da yaran. Can sai yatsun ƙafar suka motsa, suka danna yumɓun. Ta kaɗa gorar bagaruwa nesa da shi. Ta wuce da ƙullin kanumfari ta gaban hancinsa kamar ba da gangan ba. Sai da rana ta take sannan ta kifa baƙin akushi, ta ɗiga fari da rawaya da ja. Ƴan biyu suka faɗa masa da hannu huɗu, suna shafawa, suna lasa, suna shafa wa juna a ka. Yana kallo. Amma hannuwan suna nan a hammata. Aka kira azahar, aka yi salla, inuwar tsamiya ta fara miƙewa wajen randa. Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin kayanta ta ajiye a bakin ƙofa.

Sai na ji Gwaggo ta kira ni. "Fito ki zauna nan gabansa."

Na ce daga bayan asabari, "Gwaggo, Inna tana nan."

"Na gan ta, ba makancewa na yi ba. Rataye kunyar taki a ƙofa, in ya rayu kya ɗauka."

Inna ta ce, "Haba Yaya! Uwa da ɗan fari, ido da ido, a gabana?"

"To ki juya baya. Ita ta tsorata shi, ita za ta ba shi haƙuri."

Ban san da wace ƙafa na fito ba. Na zauna a ƙasa, fuskata daf da tasa. Ya fara kawar da kai. Gwaggo ta ce, "Mayar da hannuwanki baya ki riƙe, ya ga babu su." Na mayar. Sai ta dangwalo rawayar ɗorawa da yatsa uku ta shafa mini a kunci. Ta dangwalo ja ta ɗora a hanci, fari a goshi. Ƴan biyu suka kece da dariya, suka zo su ma suka ƙara nasu. Ga ni nan matar aure, da ciki, a gaban uwar mijina, an mai da ni dodo, hawaye na tsaga rawaya yana gangara. Kan nan da ya kawar ya dawo a hankali. Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, ya san ni kuma bai san ni ba. Sai hannun dama ya fito daga hammata. Ya buɗe shi yatsa bayan yatsa. Ya miƙo, ya taɓa kuncina, ya ja layi har haɓa. Ya mayar da yatsan gaban idonsa yana kallon rawayar, ya murza ta da babban yatsa. Sannan ya kai baki.

Gwaggo ta mintsine ni a cinya don kada in yi sauti. Gidan ya yi tsit, har tattabarun kan soro ana ji. Ya tsotsi yatsan, ya tsaya, ya sake tsotsa. Ya dawo da tafin hannu gaba ɗaya ya dafa kuncina, ya kwasa, ya lashe. Gwaggo tana ta bayansa tana ƙara mini ƙullu a fuska, kowane zuwa ya fi na baya ruwa-ruwa, shi kuma yana kwasa. Ya cinye fuskata tas. Daga nan ya gangara kan akushi, ya ture hannun ɗaya daga cikin ƴan biyun, har ta yi ƙara. Ya mari ruwan kasko ya tsotsi jiƙaƙƙen hannu, ya sake mara. Kiran la'asar ya same shi yana barci a cinyar Gwaggo, bakinsa rawaya, tafukansa a buɗe.

Inna, wadda ba ta juya bayan ba ko sau ɗaya, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To Yaya, in na koma Gaffati me zan ce? In ce jikana a fuskar uwarsa ya ci abinci?"

"Ce musu akushi ne ya yi ƙaranci a Birni."

Inna ta yi dariya har da tari. Ta miƙa yatsa ta dangwali abin da ya rage a akushin ta ɗanɗana, ta ce, "Da kun ƙara tsamiya kaɗan." Ta ɗauki ƙunshinta ta mayar ɗaki. Bayan kwana goma Gwaggo ta kwaɓa laka, ta danna hannunsa a bango, sama da nawa kaɗan. Ni kuma na koma ƙofa na ɗauki kunyata inda na rataye ta, na ci gaba da ita.

Da idon Gwaggo ya yi rauni muka dawo Birni da zama, aikin ya dawo hannuna. Ban ƙirga yaran da na yaye ba, amma bangon ya cika har na zagaya gefen da ke kallon kudu, kuma ba a toshe hancin ko ɗaya ba. A cikinsu yau akwai masu ɗinki, akwai soja, akwai wadda ke karɓar haihuwa a asibiti, in ta gan ni a hanya sai ta sauko daga moto, babur ɗinta, ta durƙusa. Sannu a hankali aka daina kawowa. Yaye ya koma na madarar gwangwani, kowa a ɗakinsa. Wata damina mai ruwa da yawa, bayan Gwaggo ta rasu mun bar gidan, bangon ya jiƙa ya zauna, magada suka share wurin suka zuba suminti. Ban je na gani ba. Kwana biyu bayan nan sai ga shi, uban Tanti, da furfurarsa, ya shigo da wani abu a buhu ya ajiye a gabana. Guntun bango ne, da ɗan tafin hannu a jiki, farar ƙasar ba ta gama fita ba. Gwaggo ta sha nuna masa shi kowace Salla. Na ce, "Wannan tarkacen fa?" Ya ce, "Gani na yi ya faɗi." Na ce ya ajiye can. Yana fita na naɗe shi a zanena mafi kyau na sa a ƙasan akwati.

Sati guda bayan zuwana jardan na koma, wannan karon da kayana: ƙullu, garin ɗorawa, zoɓo, da baƙin akushin Gwaggo. Shugabar wurin ta ce iyaye za su yi faɗa in kaya suka ɓaci. Na ce, "Ƴata, a tuɓe musu rigunan mana, fatar ai tana wankuwa." Ɗan lukutin nan yana ganin launi ya cusa hannu a hammata. Na zauna a ƙasa, na shafa wa kaina rawaya a kunci, na mai da hannu baya. Fuskar tsohuwa ta fi riƙe ƙullu, ramuka sun yi yawa. Bai kai ni ga gajiya ba ya miƙo yatsa. Tanti ta yunƙura za ta ce wani abu, na harare ta, ta haɗiye.

Ranar Juma'a uban nata ya zo gaishe ni kamar kullum, aka kawo masa tuwo. Ni al'adata in an ajiye masa abinci sai in tashi in shiga ɗaki, ko in juya ina gyaran abin da bai lalace ba. Tun ranar gindin tsamiya ban sake kallonsa yana ci ba. Ja'irar yarinyar nan Tanti ta ɗauko kaye ta karanta masa duk abin da na faɗa, tun daga amalanke har akushi. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Iya, ashe ke kika ɗura mini?"

Na ce, "Wa ya sa da kai? Tuwonka na hucewa."

Ya yi murmushi ya wanke hannu. Na yunƙura zan tashi, sai na ji gwiwata ta ƙi, ni ma ban matsa mata ba. Na gyara zama ina fuskantarsa. Ya yanko loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Na kalle shi ya ci ta farko, ya ci ta biyu, ya ci har ƙasan kwano, sannan ya lashe yatsun nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ya fara da manuni, kamar yadda ya fara a kuncina.

Na ce wa Tanti, "Ƙaro masa."